Takardar bayanin kod da ke fitowa da kanta: Doxygen zan kama ko Sphinx?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawarar manya. Akwai wani laburare, wato tarin kod da wasu manhajoji ke kira, da muke aiki a kai shekara uku kenan, ainihinsa C++ ne amma akwai ɓangaren Python da ke kiransa. Takardar bayaninsa wani fayil ne na Word da wani ya rubuta tun farko kafin ya bar aiki, shafi wajen saba'in, kuma wlh rabin abin da ke ciki ya daina zama gaskiya, akwai fankshin (guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki) da aka goge tun bara har yanzu suna nan zaune a ciki da misalansu. Jiya oga ya ce in nemo hanyar da takardar za ta riƙa fitowa da kanta daga cikin kod ɗin, wai ya ji ana yi. Na ɗan leƙa na ga Doxygen na ga Sphinx, kaina ya ɗaure. Wanne zan kama? Kuma da gaske abin da kansa yake fitowa ko dai baki ne kawai?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Nasiru bari in fara cire maka abu ɗaya daga kai tun kafin ka je ka yi wa oga alƙawarin da ba za ka iya cikawa ba. Babu abin da ke rubuta kansa. Abin da Doxygen yake yi shi ne ya bi fayilolinka ɗaya bayan ɗaya ya tsinto sunayen kilas (tarin fankshin da bayanansu wuri ɗaya) da fankshin da faramitocinsu (abubuwan da ake miƙa wa fankshin) da irin abin da suke dawowa da shi, wannan kam kyauta ne don yana cikin kod ɗin, sannan ya ɗauko kwament ɗin, wato bayanin da ake sawa a cikin kod don mutum ya karanta, da kai ka rubuta a saman kowanne in ka rubuta shi a sigar da ya gane, ya haɗa su ya yi maka shafuka masu mahaɗi tsakaninsu. Ga sigar:

/**
 * @brief Yana buɗe haɗi da na'ura.
 * @param adireshi inda na'urar take
 * @param jira iyakar lokacin da za a jira amsa
 * @return 0 in an yi nasara
 */

Ka lura da tauraro biyu a farko, shi ne alamar da ke gaya masa wannan na takarda ne ba kwament na yau da kullum ba. Ka buga doxygen -g zai ba ka fayil mai suna Doxyfile, ka shiga ka saka INPUT inda kod ɗinka yake, ka mayar da RECURSIVE ya zama YES, ka sake buga doxygen, sai ka buɗe index.html a cikin folda html. Minti goma ya ishe ka ganin wani abu. Dimitri van Heesch ya fitar da shi tun 1997 kuma har yau ga C da C++ shi mutane suka fi kamawa, yana fitar da HTML da LaTeX da XML har da shafukan man, in kana da manhajar zane ta Graphviz ma zai zana maka wane fankshin ke kiran wane.

Nasiru: Na gode Injiniya. To matsalar ita ce kod ɗinmu kwament ɗinsa kaɗan ne sosai, in na kunna shi haka zai fito da komai?

Injiniya Bala: Akwai wani saiti EXTRACT_ALL, in ka sa YES zai fito da komai ko da babu kwament ko ɗaya. Zai yi kyau a ido ƙwarai, shafuka ɗari-ɗari da zane-zane, oga zai yi murna ya ce an gama, amma holoƙo ne hadarin kaka, mutum zai danna sunan fankshin ya tarar da sunan fankshin kawai. Ka kunna shi don kanka ka ga girman aikin, kar ka miƙa shi a matsayin takarda.

Auwal: Ni fa da izinin Injiniya zan ɗan saɓa. Kuma misalin da ya kawo ɗin nan shi ne hujjata. Ku duba layin nan: jira iyakar lokacin da za a jira amsa. Lokaci a me? Sakan? Milisakan? Minti? Wannan abin ya taɓa cinye min kwana uku a wani wuri da na yi aiki. Kwament ya ce sakan, kuma lokacin da aka rubuta shi gaskiya ne sakan ne, daga baya wani ya canza cikin fankshin ɗin ya koma milisakan saboda wani laburaren da aka sauya a ƙasa, ya gyara duk inda muke kiransa a cikin gida amma bai taɓa kwament ba, injin takarda kuma bawan Allah ya kwafo ƙaryar ya sa mata kwalliya ya ɗora a shafi. Wani mai amfani da kayanmu ya karanta ya sa 30 yana nufin rabin minti, ashe milisakan 30 ya ba shi, haɗinsa ya riƙa yankewa sai in intanet ɗin na da gudu sosai, muna ta zargin saba (server) muna zargin waya, sai a kwana na uku na zauna na karanta cikin fankshin ɗin layi-layi. Kwamfaila, mai harhaɗa kod ya zama manhaja, ba ya karanta kwament, duk abin da kwamfaila ba ya karantawa kuwa wata rana sai ya ruɓe. Tun daga ranar ni sunan nake gyarawa, jira_ms, ko a C++ in ba shi std::chrono::milliseconds kai tsaye yadda ko kana so ka yi kuskure ba zai bar ka ba.

Injiniya Bala: Ka kama ni Auwal, ban da ta cewa, misalin nawa gurgu ne. Amma ka ga fa fayil ɗin Word ɗin Nasiru ma ya ruɓe, kuma shi ruɓewarsa ta fi sauri don yana can wani waje da mai gyara kod ba ya ko ganinsa. Kwament ko ba komai yana gaban idonka layi biyu sama da inda kake gyara, kuma yana fitowa a cikin canjin da abokin aikinka zai duba kafin a haɗe.

Auwal: Yana gaban ido amma ido ya saba tsallake shi, editoci ma launin toka suke ba shi kamar suna cewa kar ka damu da wannan 😂

Zainab: Sannunku. Malam Nasiru tunda akwai Python a ciki bari in yi maganar Sphinx, don shi nake amfani da shi kullum. Georg Brandl ya yi shi a 2008 don takardun Python ɗin kansa, kuma bambancinsa da Doxygen babba ne: shi Sphinx asalinsa na rubuta takarda ne da hannu a reStructuredText, wani salon rubutu mai 'yan alamomi, sai ka ce masa a nan wurin ɗauko min bayanin kilas kaza daga kod, ta hanyar wani ƙari da ake kira autodoc. A Python bayanin ba kwament ba ne ma, dokstirin ne, wato rubutun da ke cikin alamar zance uku a farkon fankshin, kuma yana nan raye lokacin da manhaja ke gudu, shi ya sa help() ke iya nuna maka shi.

To ga inda nake so ka yi hattara. Doxygen karanta fayil yake yi kamar rubutu. autodoc kuwa shigo da modul ɗin, wato fayil ɗin Python, yake yi da gaske, irin import ɗin da kai za ka yi, don haka duk abin da ke saman fayil a waje da fankshin zai gudu. Ni ban san haka ba farkon zuwana, akwai wani ɗan fayil da wani ya rubuta na tura saƙon tunatarwa ga ma'aikata, bai sa shi a ƙarƙashin if __name__ == "__main__" ba, kawai a fili ya bar kiran a ƙasan fayil, na buga make html, umarnin da ke sa Sphinx ya fitar da takarda, ina jiran shafuka sai na ji wayoyi na ƙara a ofis ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu saƙo, kuma da yake ban gane ni ce ba na sake bugawa har sau biyu. Ranar na so ƙasa ta tsage.

Nasiru: Tab! Allah ya kiyaye. To ni nawa ɓangaren Python ɗin yana shigo da wani modul da sai an harhaɗa C++ ɗin tukunna yake samuwa, kenan sai na yi bild, wato harhaɗawar, kafin takarda ta fito?

Zainab: Eh, ko dai ka yi bild ɗin tukunna ko ka sa sunan modul ɗin a autodoc_mock_imports a cikin conf.py, fayil ɗin saitin Sphinx, sai Sphinx ya yi masa na bogi ya wuce. Kuma ba sai ka zaɓi ɗaya tsakanin su biyun ba fa. Ka sa GENERATE_XML ya zama YES a Doxyfile, akwai wani ƙari Breathe da ke karanta XML ɗin Doxygen ya shigo da shi cikin shafukan Sphinx, sai C++ da Python su zauna a takarda ɗaya. Saitin yana da ɗan ciwon kai ranar farko, ba zan ɓoye maka ba. In kuma mutanenka ba sa son rubuta dokstirin da :param kaza: saboda munin gani, kunna ƙarin napoleon su rubuta a salon Google ko na NumPy, ya fi daɗin karantawa a cikin kod.

Sadiq: Duk wannan kukan na Yaya Auwal ai an yi maganinsa, ku zo Rust ku huta 😎 Kwament na takarda /// ne, kana rubuta Markdown a ciki, shi ma salon rubutu ne mai sauƙi, cargo doc ya fitar da shafuka, amma abin daɗin shi ne duk misalin kod da ka sa a cikin kwament ɗin cargo test zai harhaɗa shi ya gudanar da shi kamar kowane gwaji. Ka canza sunan fankshin ko ka ƙara faramita ka manta misalin, gwaji ya faɗi, ba za ka haɗe ba. Go ma haka, ka rubuta fankshin da sunansa ya fara da Example a fayil ɗin gwaji ka sa // Output: a ƙasa da abin da kake tsammani, go test ya duba, kuma shi ne dai zai fito a shafin bayanin.

Zainab: Sadiq ba ku kuka fara ba, doctest yana cikin Python tun 2.1, Tim Peters ya rubuta shi. Ka sa >>> a dokstirin da amsar a ƙasa, pytest --doctest-modules ya bi su duka. Mutane ne dai ba sa kunnawa.

Auwal: To ƙanina Sadiq, ɗauki labarina ka gwada maganin naka a kai. Misalin ya ce buɗe(adireshi, 30), an canza sakan zuwa milisakan, lamba ce har yanzu, ya harhaɗu lafiya, a kan na'urar gwaji da amsa ke dawowa nan take ya wuce lafiya, alamar gwaji kore shar. Jimlar da ke cewa sakan tana nan daram. Me gwajin ya kama?

Sadiq: Hmm. Wannan kam bai kama ba gaskiya. Sai dai a Rust ɗin Duration, nau'in tsawon lokaci, za ka ba shi ba lamba tsirara ba.

Auwal: Ka dawo kan maganata kenan, nau'in faramita ne ya cece ka ba kwament ba.

Injiniya Bala: Ku biyun duk kuna da gaskiya, kowa ɓangarensa yake kallo. Ruɓewar iri-iri ce. Akwai wadda inji zai iya kamawa: ka canza sunan faramita kwament na kiran tsohon suna, ko ka ƙara faramita ba ka bayyana shi ba, Doxygen da kansa yana gargaɗi a kan wannan, kwamfailan clang ma yana da -Wdocumentation da ke kama @param ɗin da bai dace da komai ba tun lokacin harhaɗawa. Akwai misalin da ya daina aiki, wannan na su Sadiq da Zainab ne. Sai ta ukun wadda ma'anar ce ta canza kalmomi suka tsaya, wannan babu injin da zai kama, sai dai ka rage ta da dabarar Auwal, abin da zai iya shiga suna ko nau'i ka sa shi can, sauran kuma mai bitar kod ya saba tambayar shin kwament ɗin saman nan har yanzu gaskiya ne. Amma don ta ukun ta gagara ba zan bar biyun farko su wuce ba.

Mubarak: Mu 'yan Java muna gefe muna kallonku, mu muka raini abin nan, Javadoc tun zamanin Sun Microsystems yake tare da Java, @param ɗin da kuke ta rubutawa ma a gidanmu kuka gan shi. Amma bari in ba ku labarin tilastawa. Da Java 8 ta fito a 2014 aka sa wani mai duba kwament a cikin javadoc, doclint, ya zama mai tsanani, ɗan kuskuren HTML a kwament kamar ka rubuta alamar & tsirara ko <p/> sai ya ce kuskure ne bild ɗin takarda ya tsaya. Me mutane suka yi? Da yawa ba su gyara kwament ba, -Xdoclint:none suka nemo suka liƙa suka ci gaba da rayuwarsu 😂 Kuma in ka kafa doka cewa kowane fankshin dole sai da kwament, abin da za ka samu shi ne getName a samansa an rubuta yana dawo da name, setName an rubuta yana saita name, dubu irin wannan, adadi ya cika ɗari bisa ɗari amma ba a ce komai ba, ga shi sun binne guda goman da ke da magana ta gaske.

Sadiq: Kuma sai Java 23 kuka samu Markdown a kwament, da /// ɗinmu ma kuka ara.

Mubarak: Mun ara ɗin, a kai mu kotu. Mun samu @snippet ma tun Java 18, kana iya ɗauko misali daga fayil na gaske da ake harhaɗawa maimakon ka manna shi a kwament.

Maryam: Ni ba mai rubuta kod ba ce sosai, aikina rubuta takardun ne, don haka bari in yi magana a madadin wanda zai karanta, naga an manta da shi. Duk abin da kuke magana a kai nau'i ɗaya ne na takarda, wanda mutum ke buɗewa in ya riga ya san sunan abin da yake nema yana so ya tuna faramita na biyu mene ne. Kamar ƙamus. Baƙon da ya sauke laburarenku yau bai san sunan komai ba, tambayarsa ita ce ta ina zan fara, me zan kira da farko, me ya sa sai na rufe wannan kafin in buɗe wancan, kuma amsar wannan ba ta zaune a saman fankshin ko ɗaya don ta ratsa fankshin biyar. Daniele Procida ya raba abin gida huɗu a tsarinsa na Diátaxis: darasin mai farawa, yadda ake yin wani aiki takamaimai, bayanin dubawa, da bayanin dalili. Inji ɗaya kawai yake iya ciro muku daga kod, na ukun.

Shi ya sa Malam Nasiru kar ka yar da fayil ɗin Word ɗin nan don Allah. Ka zauna da shi da alƙalami biyu, duk inda yake jera fankshin da faramita ka soke, wannan inji zai karɓa, amma ina da yaƙinin a cikin shafi saba'in akwai wuraren da mutumin ya yi bayanin dalilin da ya sa aka gina abin haka, wannan ba ya cikin kod kuma wanda ya san shi ya tafi. Ka kwashe su zuwa shafukan Sphinx. Kernel ɗin Linux ma haka suka yi da suka koma Sphinx a 2016 suka bar tsohon tsarinsu na DocBook, shafukan da hannu ake rubuta su, sai a tsakiyar bayani a jawo kwament ɗin kernel-doc daga fayil ɗin C a daidai inda ake buƙata.

Malam Habu: Maganar Malama Maryam ta tuna min, ai wannan muhawarar ta girmi yawancinku. Donald Knuth a 1984 ya kawo shawarar a juya abin gaba ɗaya, maimakon kod da ɗan bayani a ciki, ka rubuta bayani don mutum a jerin da hankali zai bi, kod ɗin ya zo gutsure-gutsure a cikinsa. Tsarinsa WEB yana da manhaja biyu, tangle ta tsamo kod ta jera wa kwamfaila, weave ta fitar da takardar karantawa, kuma da shi ya rubuta TeX, manhajarsa ta tsara rubutu don bugawa. Duniya dai ba ta bi shi ba, ta ɗauki rabin mai sauƙi.

Auwal: Malam ai ko @param mun kasa gyarawa, ka ce mu rubuta littafi 😅

Sadiq: Ni fa ina mamaki har yanzu ba wanda ya ce a ba AI kod ɗin ya rubuta kwament ɗin duka a wuce wajen.

Maryam: Zai rubuta maka abin da kod ke yi, da kyau ma wani lokacin. Amma in akwai kuskure a kod ɗin zai bayyana kuskuren tamkar da gangan aka yi, kuma dalilin da ya sa aka sa iyaka a wata lamba ba wata ba bai gani ba balle ya faɗa, sai ya ƙirƙiro ko ya yi shiru. A matsayin daftarin farko da wanda ya san kod ɗin zai bi ya gyara ba laifi.

Nasiru: Na dawo da rahoto. Na kunna Doxygen a kan folda include kawai kamar gwaji, gargaɗi sama da ɗari huɗu ya zubo, yawanci na ba a bayyana ba ne, amma guda tara na @param ne da ke kiran sunan da babu shi kuma, ɗaya ma faramitocin biyu an musanya musu wuri. Na nuna wa oga zanen Graphviz ɗin ya ce shikenan an gama ko, na ce masa ko farawa ba a yi ba. Injiniya na ga WARN_AS_ERROR, in kunna shi yanzu?

Injiniya Bala: A'a, ka kunna yau gobe abokan aikinka su yi maka abin da Mubarak ya ce. Ka fara gyara taran nan, sannan ka bi fayilolin da mutanen waje ke kira kaɗai ka rubuta musu, na cikin gida ka bar su da EXCLUDE, in gargaɗin ya koma sifili a wannan ɓangaren sai ka kunna shi a inda ake bild na atomatik don kar ya sake taruwa.

Zainab: Sphinx ma yana da irinsa, -W, in ka zo wurin. Kuma ka leƙa saman fayilolin Python ɗin nan kafin ka buga make html, na gaya maka dai.

Nasiru: Na leƙa Anti Zainab, babu mai tura saƙo 😂 Amma Yaya Auwal ga naka ya fito, akwai fankshin a nan da faramita sunansa timeout, int ne, babu kwament ko ɗaya, Word ɗin ya ce sakan, a wuri ɗaya ana kiransa da 5 a wani wurin da 5000.

Auwal: Kar ka rubuta masa komai tukunna. Buɗe cikinsa ka bi lambar har inda ta ƙare, ɗaya daga cikin biyun nan kuskure ne da ke gudu a hannun mutane yanzu haka.

Nasiru: Ina ciki, ya miƙa ta ga wani fankshin shi ma ya miƙa ga wani, na kai na uku.